Ruwan Da Na Ba Furen Da Ba Ya Kai Dare

Karatu: Matiyu 6:25-34, Yunusa 4

Ina rubuto maka daga wani ƙauye na bakin kogin Nil Azrak, kudu da birnin Sinnar a ƙasar Sudan, inda Hausawa suka fi shekara ɗari da zama. Mu masu bi 'yan kaɗan ne a nan. Maƙwabtanmu kusan dukansu Musulmi ne, kogi ɗaya muke sha, harshe ɗaya muke gaisawa da shi. Yau ina so mu yi tunani tare a kan wata tambaya da wani dattijon ikilisiyarmu ya yi mini a bazarar 2022, wadda na daɗe ban sami amsarta ba.

Cikin watan Mayu ne, lokacin da zafi yakan wuce awo 40, baƙar ƙasar nan tamu ta laka ta tsage har kana iya zura hannu cikin tsagar. Famfon ƙauye ya kwana biyu bai kawo ruwa ba, kowa sai sayen ruwan ganga daga wurin masu amalanken jaki. Da la'asar dattijon ya shigo gidana, ya tarar da ni a tsugune gindin dogon yaro, ina tsiyaya wa wata shuka rabin jarka.

Ya ce, "Fasto, wannan ana miya da shi?"

Na ce, "A'a, Baba."

"Yana maganin wani ciwo?"

"A'a, Baba, fure ne kawai."

"Ba shi ne wanda ka nuna mana ba, mai buɗewa da safe ya mutu da yamma?"

Na ce shi ne. Ya yi shiru, ya dubi jarkar, sa'an nan ya ce, "Ruwan nan jaki ya jawo shi daga kogi. Kuɗin da ka biya kuwa daga baikon gwauraye ya fito. Shi kake zuba wa abin da ba ya kai dare?"

Na yi dariya irin ta wanda aka kama, na kawo masa shayi, muka shiga zancen da ya kawo shi. Amma daren nan ban yi barci da wuri ba, gama dattijon nan ba mai neman faɗa ba ne, ya kuma taɓa ni a inda nake da ciwo. Shin daidai ne mai bi ya ɓatar da ruwa da lokaci a kan abin da ba a ci, ba a sha, ba ya kuwa daɗewa, alhali yana zaune cikin mabukata?

Bari in fara gaya maka irin furen, domin na san da yawa cikin masu karatu ba su taɓa ganinsa ba. Masana tsirrai suna kiransa Hemerokalis. Kalmomin Helenanci biyu aka haɗa, ɗaya ma'anarta yini, ɗaya kuma kyau, wato kyan yini ɗaya. Asalinsa daga gabashin Asiya ne, ƙasar Sin da Koriya da Japan. Ganyensa dogaye ne sirara kamar na yabanyar dawa, suna fitowa daga gindi su lanƙwasa. Daga tsakiyarsu kara yakan miƙe, a kansa kuma ƙunshin furanni da yawa da ba su buɗe ba. Kowane fure yakan buɗe da sassafe, kunnuwa shida, faɗinsa kamar tafin hannun yaro. Kafin gari ya sake wayewa ya yanƙwane, ya zama kamar jiƙaƙƙen tsumma. Washegari na kusa da shi ya karɓa. Da haka gindi ɗaya yakan yi makonni yana fure, ko da yake babu fure ɗaya da ya ga rana biyu. Turawa sun ƙaunace shi ƙwarai. Wani masani mai suna Arlow Stout ya yi shekaru yana aurar da iri da iri a lambun tsirrai na birnin New York, ya fitar da littafi a kansa a 1934, yau kuwa ire-iren da aka yi wa rajista da suna sun wuce 80,000.

Nawa uku ne kawai. Wani ɗan'uwa da ya je taro a Nairobi a 2019 ya kawo mini saiwoyinsu a naɗe cikin jiƙaƙƙiyar jarida, domin ya san ina son shuke-shuke. Ɗaya ruwan goro, ɗaya ruwan ɗorawa, ɗaya ja mai duhu kamar zoɓo. Jan nan bai ga bazara ta biyu ba. Daga baya na koyi cewa masu duhun launi rana tana ƙona su, waɗansu ire-iren kuma suna bukatar sanyi mai tsanani su yi barci a cikinsa kafin su sake tohowa, abin da ƙasarmu ba ta da shi. Sauran biyun sun rayu, amma da wahala. A ƙasashen sanyi furen nan da ransa yake tashi a watanninsu na zafi, har a bakin hanya yakan yaɗu ba mai kula da shi. A nan kuwa watannin zafi su ne na jinya. Lakarmu tana riƙe ruwa da damina har saiwa ta ruɓe, da bazara kuma ta ƙame kamar tubali, don haka sai da na haƙa rami, na cakuɗa yashin bakin kogi da tsohon takin awaki. Na dasa su gabas da dogon yaro, inda za su sha ranar safe, inuwa ta rufe su tun kafin azahar. Na lulluɓe gindin da ɓawon gyaɗa. In habub ta taso, wato guguwar ƙurar nan da ke mai da rana dare, sai in kifa musu tsohon kwando. A gidana sukan yi fure a ƙarshen ɗari, wajen Fabrairu da Maris, mai ruwan ɗorawan kuma yakan ƙara ɗan kaɗan da damina. Wato ina shayar da ganye wata tara ko goma saboda 'yan makonni. Dattijon ya san wannan lissafi, shi ya sa tambayarsa take da nauyi.

Kada kuwa mu raina shi. Mutanen da suka kafa ƙauyukan nan ba neman fure ya kawo su ba. Bayan da aka kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya jagoranci jama'a zuwa gabas, suka zauna a bakin kogin nan, garin har yau sunansa yake amsawa. Waɗansu mahajjata ne da guzuri ya ƙare musu a hanyar Makka. Da aka gama madatsar ruwa ta Sinnar a 1925, aka buɗe gonakin audugar Jazira, hannun Hausawa da sauran mutanen yamma ya yi shema da tsinkar auduga mai yawa, galibinsu a gonar da ba tasu ba. Wanda ya tashi cikin irin wannan gida ya koyi auna kowane abu da tambaya ɗaya, me zai kawo? Wannan tambaya ce ta ciyar da 'ya'ya, ta biya kuɗin makaranta. Ni ba zan kira ta rashin bangaskiya ba.

Amsar da ta fara zo mini ita ce ta gona. Na ce a raina, ai Baba duk rayuwarsa furen yini ɗaya ne ya ciyar da shi. Furen kuɓewa yakan buɗe da safe, kafin la'asar ya rufe, bayan kwana huɗu ko biyar ka tsinki ɗanya, ka yanyanka ka shanya, ka sami wekar da ake kaɗa miya da ita shekara guda. Furen yakuwa haka yake, daga gindinsa kuma zoɓon da mutanen nan ke kira karkade yake fitowa. Furen auduga yakan buɗe da safe da launin ɗorawa ko fari-fari, kafin gobe ya juye ya yi ja-ja, ya faɗi. Dukan arzikin Jazira ta ƙofar wannan ɗan fure ya shigo. Gajeren kwana dai bai isa ya zama laifin fure ba.

Na ji daɗin amsar nan har na fara shirya ta wa'azi. Sai na ga ashe zamba ce. Furen kuɓewa yana barin kuɓewa a bayansa. Nawa kuwa ba ya barin kome. Mai ruwan goron ko iri ba ya yi, ta saiwa kaɗai yake yaɗuwa. Na kuma karanta cewa mutanen Sin suna shanya furen da bai buɗe ba su sa a miya, har suna yi wa shukar laƙabi da ciyawar manta damuwa. Na yi niyyar in gaya wa dattijon haka, in ce ka ga ana cinsa. Amma Allah ya sani ban shuka shi don miya ba, da na faɗa kuwa da na yi ƙarya da maganar gaskiya. Na shuka shi domin in dube shi. In akwai hujja, dole ta iya ɗaukar wannan.

Bari mu duba Maganar Allah. A Farawa 2:9, inda aka ba da labarin itatuwan da Ubangiji ya tsirar a gonar Aidan, an faɗi abu biyu a kansu, daɗin gani da amfanin ci. Ka lura, daɗin ganin aka fara ambata. Tun mutum bai san yunwa ba, tun bai yi zunubi ba, Allah ya tanadar wa idonsa abinci. Hausawa sukan ce ba don tuwo kaɗai aka yi ciki ba, suna nufin riƙe asiri. Ni sai in ƙara, ba don neman hanyar gona kaɗai aka yi ido ba.

A karatunmu na Matiyu 6, Yesu yana magana ne da talakawa, masu tunanin abin da za a ci gobe da abin da za a rufa jiki. Ba furen gidana yake nufi ba, wannan ba na ƙasarsu ba ne. Yana nufin furannin jeji da kan rufe tuddan Galili bayan ruwa, waɗanda ba wanda ya shuka. Ya umarci mutanen nan masu damuwa su tsaya su lura da su, ya ce adon Sarki Sulemanu bai kai nasu ba. Sa'an nan bai ɓoye ƙarshensu ba, ya faɗa a fili cewa gobe wuta za ta ci su a tanda. Mu nan mun san wannan sarai. Matanmu da karan dawa suke hura wutar kisra, itacen audugar da ya yi furen nan mai kyau kuwa akan tuge shi a ƙone bayan tsinka domin kashe cuta. Allah ya san ciyawa ta wuta ce tun kafin ya yi mata ado, duk da haka bai rage zane ko ɗaya a kunnen furen ba. Da ni ne, da na ce wannan gobe zai mutu, a yi masa aikin gaggawa. Mu muke auna ƙoƙari da tsawon kwana. In ka ɗauki furen da zai yi sa'a goma sha biyu ka duba jijiyoyinsa da ƙurar da ke kan zarensa, za ka ga an yi shi da natsuwar da aka yi kuka mai shekara ɗari biyar.

Wannan ta'aziyya ce babba, gama mu ma ciyawa ne. Na binne jarirai da ba su kai ranar suna ba. In darajar abu tana ga daɗewarsa da abin da ya kawo, me zan gaya wa uwar da ta haifi ɗa da asuba aka binne shi da la'asar? Bai yi noma ba, bai ɗauke wa kowa kaya ba. Amma wanda ya ƙaga shi a ciki wata tara bai yi aikin banza ba, bai kuwa yi aikin gaggawa ba. Ka ga tambayar dattijon ta wuce gindin dogon yaro. Ma'aunin da muke auna fure da shi, wata rana da shi za mu auna tsoho da ya daina aiki, da gurgu, da mahaukaciyar da ke kwana a tasha.

Akwai kuma matar nan ta Betanya a Markus 14, wadda ta fasa tulun man ƙanshi ta zuba a kan Yesu. Waɗanda ke wurin suka yi lissafi nan take, ya fi dinari 300, kusan ladan ɗan ƙwadago na shekara guda. Suka ce hasara ce, da an sayar an ba matalauta. Lissafinsu daidai ne, ƙanshin kuwa bai fi kwana ɗaya ko biyu ba ya baje. Yesu ya tsaya mata, ya kira abin da ta yi kyakkyawan aiki. Malaminmu a makarantar Littafi Mai Tsarki ya nuna mana cewa kalmar Helenanci da ke wurin tana ɗauke da nagarta da kyan gani duka biyu. Shekaru bayan haka na gane tushenta ɗaya da rabin sunan furen gidana. Na yi murna kamar wanda ya tsinci kuɗi a tsohuwar riga.

Da a nan maganar ta tsaya, da na koma wurin dattijon da ayoyina na kayar da shi. Ubangiji bai bar ni ba, gama akwai abin da ban riga na sani game da zuciyata ba.

Yaƙi ya ɓarke a Khartum ranar 15 ga Afrilu, 2023. A Disamba na shekarar dakarun RSF suka shiga Wad Madani, birnin da dubban 'yan gudun hijira suka fake a cikinsa, sai jama'a suka kwararo kudu wajen Sinnar, a mota, a amalanke, a ƙafa. Makarantu suka cika, masallatai suka cika, 'yar majami'armu ma ta cika. A gidana, ɗaki biyu da rumfa, muka zama mutum goma sha tara. Man fetur ya yi wuya, famfo ya tsaya cak, layin masu ɗiban ruwa ya yi tsawo. Uwargida ta shiga raba ruwa da kofi.

Ga abin da nake jin kunyar rubutawa. Na ɓoye ƙaramar jarka a bayan buhunan gawayi. Da dare in kowa ya kwanta sai in fita in zuba wa furannina. Kwana shida na yi ina haka. Rana ta bakwai wani yaro cikin baƙinmu, bai fi shekara biyar ba, yana gudu ya taka gindin mai ruwan ɗorawa, ya karya karan da ya fara fitowa. Na daka masa tsawar da ban taɓa yi wa 'ya'yana ba. Yaron da ya kwana uku a hanya yana jin ƙarar bindiga, ya tsugunna ya rufe kansa da hannu biyu.

Uwargida ba ta ce kome a gaban mutane ba. Da dare ta ce, "Maigida, na ga jarkar da ke bayan gawayi. Uwar yaron nan kwana biyu ba ta wanke masa jiki ba, tana jin nauyin roƙonmu." Iyakar maganarta ke nan, ta juya ta kwanta.

Na sha yin wa'azi a kan Yunusa, ina yi masa dariya. Annabi ya zauna gabas da Nineba, Allah ya tsirar masa da shuka ta yi masa inuwa, ya yi murna ƙwarai. Washegari tsutsa ta cinye ta, iskar gabas mai zafi ta buso, ya husata har yana roƙon mutuwa. Ubangiji bai tsauta masa don ya ji daɗin shukar ba, ai shi ya ba shi ita. Abin da ya sa a gabansa shi ne, ga tausayinsa a kan shukar da ta tsiro dare ɗaya ta mutu dare ɗaya, ga kuma birni mai mutum fiye da 120,000 da bai damu ko sun hallaka ba. Daren nan na ga ashe ni ne zaune gabas da birni. Matar Betanya a kan Ubangiji ta zuba nata man, a gaban kowa. Ni nawa ruwan a ɓoye na zuba shi, domin jin daɗin kaina. Ɓoyewar nan ita ce ta kamata ta faɗakar da ni tun daren fari. Duk abin jin daɗin da sai ka jira mabukaci ya yi barci kafin ka taɓa shi, ya riga ya fita daga hannun Allah ya koma gunki, ko da fure ne.

Da safe na fito da jarkar na ba uwar yaron, na roƙe ta gafara, na roƙi yaron ma. Ita ta fi ni jin kunya, tana cewa, "Haba Fasto, gidanka ne." Wannan ya ƙara mini nauyi.

Tun daga ranar muka kafa doka a gidan, ni da uwargida. Fure ba zai sha ruwan da mutum zai iya sha ko wanka da shi ba. Nasa shi ne ruwan da ya riga ya gama aikinsa, na wankin shinkafa, na ɗauraye kofunan shayi, na wanke hannu in ba sabulu. Na kuma matso da randar da ake kira zir a nan zuwa gindin dogon yaro, domin ɗigon da ke tsatsowa daga gindinta ya sauka kusa da su. Na ce in wannan ya ishe su, to. In bai ishe su ba, su mutu. Na faɗi haka da gaske, ko da yake da zafi. Abin mamaki, a gidan mutum goma sha tara irin wannan ruwa ya fi na gidan mutum shida yawa. Baƙin da na ɗauka za su kashe mini fure, su suka shayar da shi.

A cikin baƙin akwai wata tsohuwa Musulma, daga wani ƙauyen 'yan ƙwadago na Jazira. An raba ta da ɗanta a hanya, ba ta san inda yake ba. Ba ta barci, ba ta magana sai an tambaye ta, tuwo ma sai an matsa mata. A ƙarshen Fabrairu 2024 mai ruwan goro ya buɗe furensa na fari. Na fito da asuba na tarar da ita zaune a ƙasa kusa da shi, carbinta a hannu. Da yamma ta ga ya yanƙwane, ta ce, "Ɗana, rana ta kashe maka abinka." Na ce, "Inna, haka yake, kwanansa ɗaya. Gobe wannan na kusa da shi zai buɗe." Ba ta yarda ba sai da ta gani. Daga nan kowace safiya ita ce ta fari a wurin. Ita ke cire wanda ya mutu jiya, ita ke ƙirga waɗanda suka rage, ta zo ta ba ni labari kamar mai kawo rahoton kasuwa, "Saura goma sha ɗaya." Ita ta karɓi aikin tara ruwan wankin shinkafa, ta hana yara wasa a wurin, ba tare da tsawa irin tawa ba.

Ba zan ce fure ya warkar da ita ba. Ɗanta bai dawo ba a kwanakin da ta yi tare da mu, kukanta na dare bai daina ba. Abin da na gani da idona shi ne, matar da ba ta da dalilin tashi da safe ta sami ɗan ƙaramin dalili. Na ba ta tuwo, na ba ta tabarma, na yi mata addu'a, duk sun wajaba. Amma akwai wani wuri cikin ranta da tuwo bai kai ba, abin da ba a ci ba a sha ne ya kai. Da na bar furen ya mutu tun 2022 saboda kunyar dattijon, da ba ni da wannan da zan ba ta. Da kuwa na ci gaba da shayar da shi a ɓoye da ruwan shan jikokin mutane, da ba ni da fuskar zama kusa da ita.

A wurinta kuma na koyi yadda ake kallonsa. Ni dā ina kallon furen yau da baƙin cikin cewa zai tafi, har na taɓa tsinke shi na sa a kofi, ko zai ƙara kwana. Bai ƙara ba. Wannan fure ba a ajiye shi, ba a ce masa bari in gama aiki in zo gobe. Irin mannar da aka ba Isra'ilawa a jeji ce, a Fitowa 16, ta yini guda ake tattarawa, wanda ya ɓoye saura ya tarar da tsutsa da safe. Mu masu hidima mun iya ajiye godiya sai ranar da abubuwa suka daidaita, sai yaƙi ya ƙare, sai an biya bashi, sai yara sun gama makaranta. Tsohuwar nan ba ta da gobe da za ta dogara a kai, sai ta ba furen yau dukan idonta.

A ƙarshen Yuni 2024 yaƙin ya iso jihar Sinnar, garin Sinja ya faɗi, mu da muka sauki baƙi muka zama baƙin waɗansu. Muka bi hanyar Gadarif cikin ruwan damina da taɓo. Ban ko waiwayi gindin dogon yaro ba, ina ɗauke da yarinya a wuya. Tsohuwar ta bi waɗansu danginta wata hanya dabam, har yau ban ji labarinta ba. Ina roƙonka, mai karatu, ka sa ta cikin addu'arka, ita da ɗanta. Ubangiji ya san sunansu.

Sojoji sun karɓe Sinja a Nuwamba 2024, Wad Madani kuma a Janairu 2025. A ƙarshen watan nan muka komo. An ɓalle ƙofa, an kwashe abin da za a iya ɗauka, randar ta fashe. A gindin dogon yaro ba ko ganye ɗaya, awaki sun cinye har ƙasa. Sai da muka yi mako biyu muna gyara kafin na sa hannu na tona. Mai ruwan ɗorawa, wanda na fi so, wanda na yi wa yaro tsawa saboda shi, ya ruɓe ƙurmus. Mai ruwan goro, wanda na ɗauka gama-gari ne, saiwoyinsa suna nan, sun motse amma da nauyi. Shukar nan tana da saiwoyi masu kumburi kamar ƙananan rogo, a cikinsu take ajiye ruwa da abinci. Na zuba masa ruwan wankin shinkafa. Kwana tara ya fito da kore.

Ba kowa ya komo ba. Kujeru huɗu a majami'armu masu su suna kwance a ƙasar Gadarif. Dattijon yana cikin waɗanda suka komo, ya rame, yana dogara sanda. Ya shigo ya tarar da ni a inda ya tarar da ni shekara uku da suka wuce. Na ba shi labarin jarkar da na ɓoye, na ce, "Baba, ka yi gaskiya a kan ruwan." Ya ce, "Na sani." Ya zunguri ganyen da sandarsa, ya ce, "Wannan bai mutu ba?" Na ce bai mutu ba. Ya ce har yanzu shi da kuɓewa aka shuka a wurin da ya fi. Ban yi masa gardama ba, na nuna masa layin kuɓewa biyu da uwargida ta shuka a jikin danga.

Gindin furen nan in ya yi shekara uku zuwa biyar yakan cunkushe, furensa ya ragu, sai an tone shi an rarraba. Da damina ta sauka na tone nawa, na girgiza ƙasar, na raba shi uku da hannu, kowane da saiwarsa da ganyensa, na datse ganyen ya rage kamar taƙi ɗaya. Ɗaya na mayar gurbinsa. Ɗaya na dasa a ƙofar majami'a, inda ruwan indararo ke zuba. Na ukun na kai wa maƙwabcina, malamin allo, wanda ya riga mu komowa ya ɗaure mini ƙofa da waya don kada a ƙarasa kwashe rufin. Ya juya shi a hannu, ya ce, "Fasto, me ake yi da shi?" Na ce, "Malam, kallo." Ya yi murmushi, ya kira wani almajiri ya ce a dasa shi inda suke alwala.